Ranar Da Jatau Maƙeri Ya Tsamo Fasto Daga Kogi

Saura kaɗan ban rubuta wannan ba. An ce ni zan yi magana a taronmu na 'yan mata, ni kuwa in na tsaya gaban mutane bakina bushewa yake yi, shi ya sa na ce bari in rubuta in karanta. Da na fara kuma sai tsoro ya kama ni, kada dattawa su ce ina yi wa fasto ba'a. Ba ba'a nake yi ba, ko da yake za ku yi dariya. Kakata ce ta ba ni labarin.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, sunansa Fasto Filibus. Ikilisiyar Baftis ta garin ce ta kira shi. Kun san yadda muke yi, ikilisiya ke kiran fasto, ita ce kuma ke ɗaga hannu ta ce ya zauna ko ya tafi. Suka ce ya yi shekara guda tukuna, sannan a ɗaga hannu.

Mutumin kirki ne, ga haƙuri, ga ziyarar marasa lafiya. Sai dai ɗan ƙarami ne. In zai yi wa'azi sai an ajiye masa kujera 'yar tsugunno ya taka, in ba haka ba murya kawai za ku ji.

A garin akwai wani maƙeri, Jatau, ƙato ne na gaske. In zai shiga ƙofa sai ya karkata. Shekara da shekaru ana yi masa addu'a, sai a zamanin Fasto Filibus ya ba da gaskiya. Aka sa ranar baftismarsa, ta faɗo saura mako guda a ɗaga hannu.

To, ku saurara. Mu ba yayyafa ruwa muke yi ba. Fasto zai kwantar da mutum cikin ruwa har ya nutse duka, ya kuma ɗago shi. Kwantarwa ba wuya. Ɗagowa ce aikin.

Matar fasto ta ce masa, “Maigida, ka dubi Jatau da kyau kuwa?”

Ya ce, “Na dube shi.”

“Daga sama har ƙasa?”

“Sai da na ja da baya kafin na gama.”

“To, ka gaya wa dikinoni, dattawan nan masu taimaka maka, mutum biyu su shiga ruwa tare da kai.”

Ya ce, “Saura mako guda a ɗaga hannu, in je in ce baftisma ta fi ƙarfina? Allah zai taimaka.”

Ta ce, “Allahn ne ya ba ka dikinonin ai.”

Bai ji ba.

Ranar Lahadi gari duka ya taru a bakin kogi, har waɗanda ba sa zuwa sujada, don a ga Jatau. Mata suna waƙa. Ruwa ya kai wa fasto ƙirji, Jatau kuwa ko ƙugunsa bai kai ba. Fasto ya yi addu'a, ya miƙa hannu ya kamo abin da ya iya kamowa, ya kwantar da shi.

Jatau ya tafi. Fasto ma ya bi shi.

Ruwa ya rufe. Ba Jatau, ba fasto. Mata suka gama baiti suka sake, don ba su san abin yi ba. Can sai ga Jatau ya miƙe, rungume da fasto kamar jariri, ya tako har gaɓa ya ajiye shi a kan yashi, ya ce, “Sannu, Baba Fasto.”

Kafin la'asar labari ya kai kasuwa.

Washegari babban dikin, wani dattijo mai suna Yunana, ya zo gidan fasto. Yana ƙaunarsa, ba ya so a sallame shi. Ya ce, “Fasto, mutane na cewa wanda bai iya ɗaga mutum ɗaya ba, ta yaya zai ɗauki ikilisiya. Ga dabara. Ka ce da gangan ka nutse, don ka nuna makiyayi ba ya barin tunkiyarsa ta shiga ruwa ita kaɗai. Ni zan fara cewa amin.”

Ku ji fa, 'yan'uwa. Ƙarya ce mai kama da wa'azi. Da ya faɗe ta, da har kuka wasu za su yi.

Lahadi ta zo. Bayan sujada aka zauna taro. Fasto ya hau 'yar kujerarsa, ya ce, “Jama'a, kafin ku ɗaga hannu, ku ji. Ban iya ɗaga ɗan'uwa Jatau ba. Tun kafin ranar na san ba zan iya ba. Matata ta gaya mini, kunya ta hana ni neman taimako, don ina so ku ɗauka na isa. Na kusa hallaka mu biyu. Ku gafarce ni. In kun bar ni, ku sani akwai abubuwa da yawa da ba zan iya ɗagawa ni kaɗai ba.”

Sai Jatau ya miƙe, benci ya yi ƙara.

Ya ce, “Ni tambaya gare ni. Baftismar tawa ta yi, ko sai an sake?”

Wata tsohuwa daga baya ta ce, “Ta yi, ɗana. Da idona na ga ka nutse duka, har da ƙarin fasto.”

Dariya ta ɓarke, faston ma yana yi. Da ta lafa sai wani ya ce daga yau Dikin Yunana ya riƙa shiga ruwa da fasto. Dattijo ya yi ta gyaran hula, can ya ce, “Tunda yau ranar gaskiya ce, ni ruwa in ya wuce gwiwa ba na shiga. Shekara ashirin ina cewa sanyin ƙashi ne. Tsoro ne.”

Jatau ya ce, “Ku bar mini. Baba Fasto ya yi addu'ar, ni in ɗago.”

Aka ɗaga hannu. Ba wanda ya bar nasa a ƙasa. Fasto Filibus ya tsufa a garin.

Ga abin da ke ciki. Shugaba ba shi ne wanda ya iya komai ba. Shugaba shi ne wanda zai buɗe baki ya ce, “Wannan ya fi ƙarfina, ku kama mini,” tun kafin a shiga ruwa. Wanda ya ɓoye kasawarsa, ba shi kaɗai zai nutse ba, da wanda yake riƙe da shi za su tafi. Mu kuma kada mu tsaya a gaɓa muna waƙa, fastonmu yana shan ruwa. Kowace cikinmu tana da abin da aka ɗora mata, a gida ko a ikilisiya. Ki duba naki.

A nan na ajiye biro ranar Alhamis, don na duba nawa. Wata biyu ke nan da aka ba ni ajin yara na Lahadi. Duk inda na tarar da dogayen sunaye a Littafi Mai Tsarki tsallakewa nake yi, in an tambaye ni yaya aji in ce lafiya lau.

Washegari da safe na ɗauki Littafina na tafi gidan Mama Fasto, matar fastonmu na yanzu. Na same ta tana tsince shinkafa. Na gaishe ta har sau uku kafin maganar ta fito. Na ce, “Mama, ban iya karanta sunayen nan ba.”

Ta ture tiren gefe, ta matsa mini a tabarma, ta ce, “Buɗe mu gani. Wasu ni ma sai mun jira Baba ya dawo.”