Rubutun da Ke Ƙasan Robar Haulatu

Akwai wata mata a Daura, Haulatu, mai haɗa man shafawa da man kaɗe. Kowace roba da takardarta: abin da ke ciki, da lambar rajista. A ƙasan robar kuma tana ƙara ɗan rubutun ajami da hannunta, don 'yar malamai ce.

Maƙwabciyarta Murjanatu ita ma sana'arta ke nan, amma sai ta wuni ba wanda ya yi mata sallama. Da ta ji babur ya tsaya ƙofar Haulatu, har abinci fita ranta yake yi.

"Wallahi ba iyawa ba ce," ta ce wa mijinta Sada. "Laƙanin kasuwa babanta ya ba ta, shi take rubutawa."

"To ki tambaye ta mana."

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Sai baiwar Allah ta bi gidaje tana tsince tsofaffin robobin Haulatu, tana ɗura nata haɗin, har da maganin ƙara hasken fata. Inda rubutun ya goge, ta kwaikwayo shi daga wata tsohuwar roba, ko ɗigo ba ta bari ba. Ta ba wata dillaliya ta kai mata kasuwar Zango.

Ana saura mako biyu bikin Raihana, 'yar Murjanatu, gwaggon amarya ta zo daga Zango, ta damƙa wa yarinyar roba. "Na Haulatu ne, 'yar nan. Ni ban yarda da na kowa ba."

Kwana uku fuskar Raihana ta saɓule.

Asibiti ya sanar da jami'an kula da magunguna, suka kai wa Haulatu robar. Ta juya ƙasanta.

"Wannan ba hannuna ba ne. Ranar da mai zai lalace nake rubutawa, saboda iyayenmu da ba su karanta boko. Wannan ranar ta wuce tun bara."

Aka matsa wa dillaliyar da ta sayar wa gwaggo robar, ta faɗi sunan Murjanatu. Kotu ta ci ta tara, ta ɗaure ta wata shida saboda sayar da kaya da takardar ƙarya.

Ranar ɗaurin aure uwar amarya tana gidan yari. Tabon fuskar Raihana kuwa, Haulatu ce ke shiga kullum tana shafa masa man kaɗe.

Darasi: Hassada kan mayar da ƙoƙarin wani asiri a idonka. Abin da ka zuba a roba, shi za ka rubuta a jikinta, don ba ka san fuskar wa zai hau ba. Ku tura wa masu sana'a.