Idona Na Zo Karɓa

Jama'ar wannan shafi, akwai wani dattijo a ƙauyukan Danchadi, can ƙasar Bodinga, ana ce masa Baba Ɗahiru. Manomi ne, amma a ƙuruciyarsa da harbi aka san shi. Sa'o'insa har yau suna ba da labarin yadda yake kaɗo hasbiya tana cikin tashi. Taurin kai kuwa sai dai a ce Allah ya shirya, don in ya ce a'a, ko matarsa Inno ba ta sake tayar da zancen.

A 'yan shekarun nan yanar ido ta fito masa. Babban ɗansa Mansur, mai tuƙa keke Napep a Bodinga, ya kai shi Sakkwato aka yi masa aiki. Tsoho ya dawo yana cewa yanzu ko zare yana iya zura wa allura. 'Ya'yan suka ce Alhamdu lillahi, amma a ransu ba su yarda ba. Ko tuntuɓe ya yi, sai ka ga sun kalli juna.

Damina ta yi kyau, gero ya fara nuna, tsuntsaye suka yi wa gonarsa caa. Tsohuwar bindigarsa ta toka kuwa ya daɗe da jingine ta, domin a halin da ake ciki yanzu ƙarar bindiga ɗaya a bayan gari ta isa ta sa mata su fara saɓa yara a baya. Sai ya ce a nemo masa bindigar iska, irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa mata 'yar dalma, ba ta da ƙara sai ɗan tas. In ya kaɗo kaɗan ya rataye a sanda, sauran za su kiyayi gonar.

Mansur ya ga tallarta a waya, wajen wani mai shago a Shagari, sunansa Maniru, mai sayar da famfon feshi da fitilun sola da tarkon ɓera. Kafin a biya, bakin Maniru kamar zuma. Sabuwa ce fil a kwali, in an ga matsala a kira shi ko da yaushe, ai Baba babansa ne. Aka biya, ya ba direba kwalin ya kawo Bodinga.

Washegari Baba Ɗahiru ya saɓa sabuwar bindiga ya nufi gona yana tafiyar ƙasaita. Da azahar ya dawo, ko gashin tsuntsu bai kawo ba. Ya sake komawa, haka. Kurciya za ta zauna masa a kan zangarniya tana kallonsa, ya ja kunama, ita ko motsi ba ta yi sai ta ga dama. Ya murɗa 'yar kusar saiti har ta ƙure, babu canji.

Ya ce wa Mansur, "Wagga bindiga karkatacciya ta. Kira mai ita."

To, a nan aka fara ganin halin Maniru. Kiran farko ya ce yana salla. Na biyu ya ce yana kan hanya. Daga nan waya ta yi ta ringi har ta gaji. Da Mansur ya matsa masa da saƙo, sai ya naɗi murya a waya ya aiko, Mansur kuma bai yi tunani ba ya kunna ta a tsakar gida, ga Baba, ga Inno, ga ƙannensa, ga surukai.

Muryar ta ce, "Kai ma dai Mansur, da hankalinka. Kaya na kamfani, a kwali. Ba kai kac ce an yi ma tsohon aikin ido ba? Idonshi na ya mutu. Ku karɓe bindigar tun bai harbi jikanshi ba."

Wallahi ni ko a labari na ji, sai da raina ya sosu. A gaban surukanka a ce idonka ya mutu, kuma wanda ya faɗa bai taɓa ganin fuskarka ba.

Abin takaicin shi ne maganar ta zauna daram a zuciyar 'ya'yan, don dama abin da suke zargi ke nan. Suka haɗa kai suka yanke shawara cewa Baba ya huta. Gonar za a danƙa wa Lukman, ɗan ƙaninsa, ya tsare ta ya girbe, daga bana har gaba. Mansur ya zo ya durƙusa yana lallaɓa maganar, wai don lafiyarsa ne, wai kada wani abu ya same shi shi kaɗai a daji.

Gonar nan ita Baba Ɗahiru ya gada, a cikinta ya koyi riƙe fartanya. Ya san in ya yarda ya zauna, zaman ke nan. Daga tabarmar zaure sai masallaci, sai a riƙa miƙo masa fura ana yi masa magana da ƙarfi kamar kunnen ma ya tafi.

Bai yi musu da kowa ba. Ya samo wani tsohon katako, ya ɗiga baƙi da gawayi a tsakiyarsa, ya jingina shi da katangar bayan gida, ya kori kowa daga wajen. Ya yi ta harbi har hannunsa ya gaji da karya bindigar. Da ya je ya duba, ko ɗaya bai sami ɗigon ba. Amma duk hujojin sun taru wuri guda, hagu da ɗigon kamar taki ɗaya, tafin hannu zai rufe su.

Ya kira Mansur ya nuna masa. Ya ce wanda ba ya gani warwatsa harbi yake yi, nan ɗaya can ɗaya, ba ya tara shi wuri guda. Mansur ya dubi katakon ya sosa ƙeya, ya ce shi dai abin da ya gani, Baba bai sami baƙin ba.

Tsoho ya naɗe bindigar a buhu, ya ɗauki hularsa ta zuwa Juma'a, ya ce Shagari za shi. Mansur ya ce don Allah a bar maganar, an riga an yi asara, zuwa can sai ƙarin abin kunya. Inno da ke bakin murhu ta ce masa gara ya tayar da kekensa, don in bai kai shi ba, ta san mijinta, da ƙafa zai tafi.

Suka isa Shagari da hantsi. Shagon yana bakin hanya, mutane na ta shige da fice. Maniru na zaune a kan kujerar roba yana latsa waya. Suka yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Da Mansur ya gabatar da kansa ya ajiye buhun, sai Maniru ya nuna bango da haɓa, inda aka rubuta da fenti cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Ya ce in kuɗi suka zo nema, sun yi asarar man kekensu.

Baba Ɗahiru ya jawo benci ya zauna a ƙofar shagon, daidai inda duk mai shiga sai ya raɓa shi.

Ya ce, "Yaro, riƙe kuɗinka. Idona na zo karɓa."

Maniru ya ɗago ya ce, "Mi?"

"Ka aika gidana ka ce idona ya mutu. 'Ya'yana sun ji, sun yarda, za su raba ni da gonata. To, ga bindigarka. Kai mai ido, ka harba mu gani. In ka samu, in tashi in ba ka haƙuri gaban mutanen ga, in koma gida in zauna. In ba ka samu ba, ka maido mini idona."

Maniru ya yi tsaki ya ce shi ba shi da lokacin wasan tsofaffi. Tsoho ya ce ba komai, shi yana da lokaci, tunda an ce ya huta. Duk wanda ya zo sayen kaya sai ya gaishe shi da fara'a, in an tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau, makaho ne ya zo neman idonsa wajen mai shago. Kafin wani lokaci 'yan acaɓa da masu shayi da maƙwabtan shago sun taru. Mansur kam kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Jama'a suka fara cewa ai maganar dattijo ba ta da wuya, harbi ɗaya ne, in kayan na da kyau mene ne na tsoro?

Da Maniru ya ga ciniki ya tsaya, ya miƙe a fusace ya fizgi bindigar. Aka zagaya bayan shagon inda akwai katangar ƙasa, aka rataya murfin gwangwani a ƙusa, kowa ya koma bayansa. A gefen hagu, kan wani ɗan dakali, akwai tulun da Maniru ke sanyaya ruwan sha.

Baba Ɗahiru ya ce, "Ɗauke tulun can tukuna."

Ku duba inda girman kai ke kai mutum. Ɗauke tulun ba wani aiki ba ne, amma in ya ɗauke, ya yarda ke nan bindigar na zuwa hagu. Sai ya ce tulu na nan inda yake, shi ba makaho ba ne. Ya gyara tsayuwa, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana saiti, ya ja kunama.

Murfin gwangwani ko girgiza bai yi ba. Sai ga ruwa na tsartuwa daga cikin tulu, yana gangarowa kan dakali.

Wurin ya kaure da dariya. Maniru ya ce iska ce ta kaɗa. Ya sake ɗurawa ya harba, wannan karon tulun ya dare gida biyu.

Tsoho ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Sannu, ɗana. Ashe kai ma ciwon ya kama ka, da ƙuruciyarka. Mansur ya san asibitin, sai ya kai ka."

Sannan ya karɓi bindigar. Ya faɗa wa jama'a cewa zai saita dama da murfin, taki ɗaya, don ya rama karkatar. Ya ɗaga, bai ɓata lokaci ba, sai ji aka yi ƙwal, murfin ya yi tsalle ya faɗi. Aka mayar, ya sake kaɗo shi.

Nan fa Maniru ya saduda. Ya matso kusa yana magana ƙasa-ƙasa, Baba a shiga daga ciki, akwai wata a kwali, a canza masa, a rufa wa juna asiri. Baba Ɗahiru ya ce a'a. Shi asirinsa a tsakar gida aka tona shi, gaban surukai. Ta hanyar da maganar ta shiga gidansa, ta nan za ta fita. Ya sa Mansur ya miƙo wayarsa, ya ce Maniru ya yi murya.

Maniru ya dubi jama'a, ya ga ba mai niyyar cetonsa. Ya danna ya ce, "Ni ne Maniru mai shago. Bindigar da na aiko karkatacciya ce, ban gwada ta ba. Idon Baba lafiyarshi lau. Na yi kuskure, a yafe mini."

Tsoho ya ce ya yafe. Amma bai karɓi sabon kwali a rufe ba, sai da aka buɗe sauran aka gwada su a katangar nan ɗaya bayan ɗaya. Aka sami wata ma mai irin ciwon. Wani mutumin Horo Birni da ke cikin taron ya ce Innalillahi, shi ma ya sayi irinta a nan, ya jefa ta ƙarƙashin gado yana ganin shi ne bai iya ba. Maniru ya ce ya kawo ta. Baba Ɗahiru ya zaɓi wadda ke zuwa inda aka aike ta, ya naɗe a buhunsa.

Mansur ya tayar da keke suka kama hanyar gida. Sai da suka wuce Bodinga ya tsayar da keke a gefen hanya, ya sauko ya durƙusa, ya ce Baba ya yafe masa, ya gaskata baƙo a waya ya ƙaryata mahaifinsa. Ya ce ya riga ya tura muryar gida, kuma zai je da kansa ya gaya wa Lukman maganar gona ta tashi.

Tsoho ya ce abin da ya fi yi masa ciwo ke nan, ba maganar mai shago ba. Amma komai ya wuce, Mansur ya tashi su tafi.

Da suka doshi Danchadi, Baba Ɗahiru ya taɓa kafaɗarsa ya nuna gabas, ya tambaye shi me ya hango can saman bishiyoyi. Mansur ya ƙura ido, ya kare rana da hannu, ya ce shi bai ga komai ba, ko dai hayaƙi ne?

"Ba hayaƙi ba ne, tsuntsaye ne bisa gerona. Ƙara wuta, ka sauke ni bakin gona."

Darasi: In ka sayar da kaya aka dawo maka da ƙorafi, gwada kayanka kafin ka ɗora laifin a kan mai saye, domin kalma ɗaya da ka yi don kare cinikinka tana iya rushe mutuncin wani a gidansa. Kai mai saye, kada ka karɓi kaya a rufe ba ka gwada ba, kuma in kana da gaskiya ka tsaya a kanta ba zagi ba faɗa. Mu kuma 'ya'ya, mu daina yanke wa iyayenmu hukuncin gazawa tun ba su gaza ba. Ku tura wa 'yan kasuwar da kuka sani, da duk wanda Allah ya bar masa tsoho a gida.