Amanar da Sabi Ya Buɗe wa Ƙofa

An yi wani mutum a nan Paraku, Sabi mai ɗaukar hoto. Ya iya aikinsa, wannan ba musu. Amma ko da kuɗi a aljihu, Sabi ba ya sayen manhaja, ta sata yake nema, har yana alfahari da haka a majalisa.

Wata rana dattijo Woru, manomin kashu, ya ji jiki ya ƙi, ya aika a kira shi. Dattijon bai iya rubutu ba, 'ya'yansa maza kuma suna Kwatano. Ya dubi kyamara ya ce gonar bakin rafi ya ba 'yarsa Bake, mai marayu uku, tun yana raye, kada a sa ta cikin gado. Ya ce, "Ɗana, amana ce. Ranar sadakar arba'in ka nuna musu."

Dattijo ya rasu. Sabi ya juye bidiyon a kwamfuta, ya goge katin kyamarar ya tafi ɗaukar biki.

Sai manhajar gyaran hotonsa ta nemi lasisi. Ya sauko da mabuɗin sata, mabuɗin ya ce sai an kashe mai gadin kwamfuta, wato manhajar da ke kare ta, tukuna. Maƙwabcinsa Gunu ya leƙo ya ce, "Yaya Sabi, wane irin baƙo ne wannan, sai an ɗaure masa kare zai shigo?"

"Kai dai tsoro zai kashe ka," in ji Sabi, ya kashe mai gadin ya danna mabuɗin.

Saura kwana uku arba'in, komai na cikin kwamfutar ya kulle, ashe mabuɗin satar tarko ne. Hankalin Sabi ya tashi. Ya bi masu gyara shago shago, ya hau mota har Kwatano, ya dawo bai ci ba bai sha ba. Ina, muryar dattijo ta tafi.

Ranar sadaka Sabi ya miƙe a rumfa yana rantsuwa ya ji da kunnensa. Babban ɗan marigayin ya ce, "Mai taƙama da sata ne shaidarmu?" Aka raba gonar. Yanzu Bake tsintar kashu take yi a cikinta a biya ta lada, Sabi kuwa ba wanda ya ƙara ba shi ajiyar ko hoton fasfo.

Ya 'yan uwa, wa ya ce muku ɓarawon da ya buɗe muku kayan wani zai ƙyale naku? Abin da ke cikin na'urarka ba naka ne kai kaɗai ba, haƙƙin bayin Allah ne, kuma za a tambaye ka.

Allah ya kiyaye mu da cin amana, ya saka wa Bake da marayunta.