Mamacin Da Ya Dawo Daga Tashar Murjani

An ce wani sarki ne can bakin teku, ranar nan da hantsi yana zaune shi da Waziri, sai aka shigo masa da mamaci ta ƙofar baya, yana tafiya da ƙafafunsa.

Ukasha ke nan. Tsaya ka ji yadda aka yi ya zama mamaci, kar ka ruɗe.

Shi sarkin nan yana da abokin gaba, Sarkin Tsibirai, wanda ba ya zare wa kowa takobi amma kullum hannunsa ƙara tsawo yake. Yadda yake yi, sai ya je tashar jiragen ruwa ta wata ƙasa, ya ga yashi ya cike ta, ya ce bari in yashe muku. Ya yashe, ya gina musu matsayar dutse, ya kafa hasumiyar fitila. In an gama ba ya neman komai sai makullin sarƙar da ake ja a bakin tasha a tare jirage. To ka san duk mai riƙe da makullin nan shi ke cewa wane jirgi zai wuce, wane zai juya. Kuma hatsin ƙasar sarkinmu da ƙarfenta duk ta tashoshin nan suke biyowa. Ranar da aka ja sarƙa, ranar yunwa ta shigo gari.

Shi ne sarki ya fara aika idanu. A zaɓi mutum mai ilimi, mai jin harsuna, a tura shi tasha ya zauna kamar baƙo, yana kallon abin da ke shiga da abin da ke fita, yana aiko da labari ta bakin fatake. Amma kafin a tura shi sai an kashe shi da baki. A ce ya nutse a teku, gawa ta kumbura ba ta buɗuwa. A naɗe kututturen dabino a likkafani, a sallace shi, a binne. Matar mutum ta yi takaba, a raba gadonsa. Wai don in mutanen Tsibirai sun zo bincike, kabari za a nuna musu.

Haka aka yi wa Ukasha. Ya tafi Tashar Murjani gemunsa baƙi wuluk, ga shi yau ya dawo da shi fari fat. Matarsa ta daɗe da yin wani aure, wannan ya haƙura da shi tuntuni. Abin da ya taso shi daban ne. Wani bafatake ne ɗan garinsu, ana hira a bakin tasha, ya ambaci wata tsohuwa a Unguwar Masaƙa, Inna Hasiya, wai ta makance, ciwo ya kwantar da ita, ana ganin ba za ta kai kaka ba. Bafataken bai san da ɗanta yake magana ba. Ukasha ko tambaya ɗaya bai iya yi ba, don baƙo ba ya tambayar tsohuwar da bai sani ba. Jirgin da ya fara tashi kawai ya hau.

Waziri abokin karatunsa ne tun suna zauren malam ɗaya. Da ya gan shi sai idonsa ya cika, amma ya wayance, ya ce masa a hankali ai shi ya kama gaban makararsa, kuma sai da kafaɗarsa ta kwana biyu tana ciwo. Ukasha ya ce to kututturen ya fi shi gata, don shi ba wanda ya raka shi ko bakin ƙofa.

Ya faɗi ya yi gaisuwa. Ya ce bai zo neman riga ko doki ba, so yake a ba shi izini ya shiga Unguwar Masaƙa ya gaida mahaifiyarsa kafin ta cika.

Sarkin nan ba mugu ba ne fa, kar ka ɗauka mugu ne, mutum ne da tsoron yunwar talakawansa ya hana shi barci shekara da shekaru. Ya ce mamaci ba ya zuwa gaisuwa. In aka ga Ukasha a unguwa yau, gobe kowa ya san kaburburan nan dabino ne a ciki, jibi labari ya ƙetare teku, a bi sauran idanunsa a yanka su ɗaya bayan ɗaya. Hawayen tsohuwa guda ba za su rinjayi wuyan mutane da yawa ba. Sannan ya gyara zama ya ce tunda ya zo, ya ba shi labarin teku.

Ya ce, "Tashoshi nawa ne a hannun abokin gabana?"

Ukasha ya ce, "Ya sarki, duk wadda ka aika wa ido."

"Da takobi yake riƙe su ko da zinariya?"

"Ya sarki, da zinariya ya shiga, amma da kaburbura yake riƙewa."

Sarki ya ɗaure fuska. Ya ce shi bai kira shi wasan kacici-kacici ba, ya faɗa masa su wane ne ke riƙe wa Sarkin Tsibirai makullan sarƙa.

"Matattu ne, ranka ya daɗe. Matattunka."

Waziri ya sunkuyar da kai kamar mai neman wani abu a shimfiɗa. Ukasha kuwa bai ɗaga murya ba, a hankali ya warware zancen. Ya ce tashar jiragen ruwa gari ne na baƙi, kuma baƙo duk inda yake hirarsa guda ce, gida. Wannan ya ce in ya sayar da kayansa zai koma ya rufe ɗakin uwarsa, wancan ya ce ya bar matarsa da ciki, yanzu yaro ya isa kiwo. Ko ɓarawon da ya gudo yana da garin da yake yi wa kuka. Mutum guda ne ba ya cewa zai koma, ba a kawo masa gaisuwa, ba ya aikawa, ranar salla kowa na raba nama shi yana zaune a kan dutse yana kallon ruwa. Wannan shi ne idon sarki. Ya ce mutanen Tsibirai ba su taɓa wahalar zuwa duba kabari ba, shirun mutum kawai suke saurare.

Kuma ba su yanka kowa ba. Zuwa suke su zauna kusa da kai, su kira ka da sunanka na yanka, wanda rabonka da jin sa tun ranar da aka binne ka. Su ce mun san a gida an gama da kai, to ga gida a nan, ga mata, ga makulli. Cikin idanun sarki, Marwana shi ke riƙe da sarƙar Mashigin Zuma, 'ya'yansa har sun fara aure. Ɗalhatu yana Bakin Kanwa, an ce kullum in ya idar da salla sai ya yi wa sarki addu'a, sannan ya tashi ya rataya makullin abokin gaban sarkin a wuya. Ba ƙiyayya ce ta kai su ba. Sun gaji ne da zama ba kowa ba.

Sarki ya ce ƙarya ne, ai har watan jiya saƙonsu yana zuwa, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Ukasha ya ce ƙwarai gaskiya ne, Sarkin Tsibirai ne ya ce a bar su su aika, wai ya fi so maƙwabcinsa ya san komai ya kuma rasa yadda zai yi. Shi ma Ukasha an kawo masa makullin Murjani har ɗaki, ba sau ɗaya ba. Abin da ya hana shi karɓa ba wata jarumtaka ba ce, tsohuwar nan ce. Muddin tana numfashi yana da wurin komawa.

"Ya sarki, ka ce in na shiga unguwa asirin mutanenka zai tonu. Ba sauran asiri. Mutum ɗaya ce a duniya ba ta san gaskiya ba har yanzu, ita ce uwata."

Wallahi an ce sarki ya dubi Waziri ko zai ƙaryata, Waziri bai ɗago ba. Can sai sarki ya miƙe, ya ce daga yau ba a ƙara binne mai rai a ƙasarsa, a aika kowace tasha a gaya wa mutanensa ƙofa a buɗe take, wanda ya dawo da sunansa zai dawo, wanda ya zauna ba a riƙe shi da laifi ba. Ya tuɓe alkyabba ya sa riga irin ta kowa. Ya ce ƙaryar daga bakinsa ta fito, shi ya kamata ya je ya janye ta a gaban tsohuwa.

Suka tafi su uku da ƙafa. Ukasha yana gaba, ƙafarsa ta san hanya ko da gidajen sun canja. Wata maƙwabciya ce ta tare su a zaure, ba ta gane kowa ba, ta ce su shigo yau Juma'a, Inna tana da sadaka. Ta ƙara da cewa su yi a hankali, jikin ya yi nisa, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai numfashinta ya sarƙe.

Tana kwance a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta ƙanƙance kamar yarinya, ga faifan waina a gefenta. Sarki ya yi sallama, ta amsa, ta ce bayin Allah matafiya ne ko? Kafin wani ya ce uffan ta lalubo waina ta miƙa. Hannun Ukasha ta samu. Ta ɗan riƙe shi, ta shafa, ta ce wannan hannu gishirin teku ya ci shi, in yana da uwa da rai ya riƙa leƙa ta, teku ba ta da alkawari. Ta ce nata ɗan teku ce ta cinye shi, sadakar nan tasa ce, tun ranar ba ta taɓa fashi ba. A da ta yi kuka har idon ya tafi, amma yanzu ta huta. Ko mutuwar ma ba ta jin tsoronta, don tun yana ƙarami shi ke riga ta zuwa ko'ina ya share mata wurin zama, ta san yana can yana jiran ta.

Sarkin da ya zo janye ƙarya ya tsaya kamar an dasa shi. Ya kasa. Ya ja da baya har bakin zaure, Ukasha yana jin sa yana ce wa Waziri da murya ƙasa-ƙasa, "Na sa ido a tashoshin duniya, ashe adalci ne tashar da ya kamata in fara tsarewa. Sarkin da ya rasa ta, sauran duk na wani ne."

Aka bar Ukasha durƙushe, waina tana huce masa a tafin hannu. Tsohuwa ta ɗaga hannuwanta sama da ƙyar, ta ce, "Taya ni, ɗan nan. Allah ya jiƙan Ukasha, ya haskaka kabarinsa."

Ta kasa kunne tana jiran amsarsa.

To kai da kai ne a durƙushe a wurin, amin za ka ce, ko Inna?