Wanzamin da Ya Ƙirga Zuriyar Barmo

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa, mai ƙarfin mulki da saurin fushi. Yana da ƙane ɗaya tilo, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake so fiye da kowa. Wata ranar Juma'a suna komowa daga masallaci, sai wani maharbi da ake kira Cindo ya saki kibiya daga kan soro yana nufin sarki, saboda wata gona da fada ta ƙwace masa. Kibiyar ta kuskure sarki, ta sami ƙanensa a wuya. Kafin la'asar ya cika.

Aka kama Cindo aka sa shi a mari. Ranar sadakar uku, wani bafade ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai wannan ba abin mamaki ba ne. Cindo tattaɓa-kunnen Barmo ne, cin amana kuwa a jininsu yake."

Shi Barmo ɗin nan mai tsaron ƙofar yamma ne, shekara casa'in da suka wuce. A lokacin wani yaƙi ya buɗe wa abokan gaba ƙofa, aka ci garin, aka yi ɓarna mai yawa. Da aka ƙwato gari aka kashe shi, 'ya'yansa suka watse.

Da sarki ya ji wannan magana sai ya miƙe tsaye, ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa duk wanda jinin Barmo ke jikinsa ba zai saura a ƙasar ba: maza a kashe su, mata da yara a kore su daji. Ya ba waziri kwana bakwai ya kawo masa sunayensu, kuma ya sa aka rufe ƙofofin gari.

A garin akwai wani tsohon wanzami, sunansa Arzika, wanda ya haura shekara tamanin. Ubansa wanzami ne, kakansa ma haka. Babu gidan da ake suna a garin da ƙauyukansa da askar gidansu ba ta shiga ba, don haka ya san wanda ya haifi wane, ya san auren da aka ɗaura a fili da asalin da aka ɓoye. Yana zaune a ƙofar gidansa da hantsi yana wasa aska, sai ga waziri a kansa.

Waziri ya ce, "Baba Arzika, na tambayi malamai, sun ce littattafansu asalin sarakuna kaɗai suka riƙe. Kowa na tambaya sai ya nuno min kai."

Arzika ya ce, "Ranka ya daɗe, na tsufa, ƙwaƙwalwa ta yi rauni."

Waziri ya ce, "Kada ka faɗa wa sarki haka. Idan ka ƙi magana zai kashe ka, sa'an nan ya sa a riƙa kama mutane bisa zato, kowa ya nuna maƙiyinsa ya ce jikan Barmo ne. Idan kuma ka rage suna aka gane, har gidanka abin zai shafa. Ni kaina na roƙe shi sau biyu, ya ce in na ƙara zai ɗauke ni ɗaya daga cikinsu."

Waziri ya tafi, ya bar tsoho da aska a hannu. Kafin azahar labari ya gama gari. Maƙwabciyarsa Yalwa, mai sayar da daddawa, ta shigo ta durƙusa a gabansa. Mijinta jinin Barmo ne, 'ya'yanta maza huɗu.

Ta ce, "Baba, kai ka yi musu askin suna, su huɗun. Kai ka cire musu beli. Ka manta da mu, don Allah. Mu ba mu san Barmo ba, ko kabarinsa ba mu sani ba."

Arzika ya ce, "'Yar nan, in na manta da ku, akwai mutum goma a unguwar nan da ba za su manta ba. Tashi ki je ki zauna da 'ya'yanki."

Ta ce, "Ashe za ka faɗa."

Ya ce, "Zan faɗa. Amma zan faɗa duka."

Yalwa ba ta gane abin da yake nufi ba. Ta fita tana kuka, tun daga ranar kuma ba wanda ya ƙara yi wa Arzika sallama a unguwar. Kwanaki shida ya yi yana bin zuriyar a zuciyarsa, reshe bayan reshe, yana maimaita abin da kakansa ya gaya masa don kada ya yi kuskure. Akwai reshe ɗaya da kakan ya sa shi alkawarin ba zai ambata ba sai in rayuka sun rataya a kai. 

Ranar bakwai da safe aka cika fada. Sarki na bisa karaga, idanunsa jajur. Magatakarda ya zauna da alƙalami, dogarai suka tsare ƙofa. Aka shigo da Arzika, ya durƙusa ya yi gaisuwa.

Sarki ya ce, "Ya kai tsoho, an ce ka san zuriyar Barmo. Su nawa ne?"

Arzika ya ce, "Ya sarki, waɗanda suka san kansu kaɗan ne, waɗanda ba su san kansu ba sun fi yawa. Kafin in fara, ina roƙon a warware min tambaya biyu, don kada in ƙara ko in rage."

Sarki ya ce, "Tambayi."

Ya ce, "Ya sarki, jinin da kake nema, ta wajen uba kaɗai yake bi, ko har ta wajen uwa?"

Sarki ya ce, "Jini jini ne. Ta ko'ina ya biyo, ka kawo shi."

Ya ce, "To, wanda bai san shi jinin Barmo ne ba, ya tashi da wani suna a wani gida, ya yi maka biyayya duk rayuwarsa, shi ma in ƙirga shi?"

Sarki ya ce, "Wanda bai sani ba ya fi hatsari, don ba ya tsoron kansa. Na rantse, kuma ina maimaitawa: ba babba ba yaro, ba talaka ba mai sarauta."

Arzika ya dubi magatakarda ya ce, "A rubuta wannan tukuna." Sarki ya ɗaga hannu, aka rubuta.

Sa'an nan tsoho ya fara. Ya ce Barmo ya bar 'ya'ya uku. Babban shi ne Tanimu, wanda ya gudu kudu, ya komo bayan shekara ashirin. Tanimu ya haifi Gagare, Gagare ya haifi Cindo da 'yan'uwansa shida. Ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya, da 'ya'yansu da jikokinsu, har da mijin Yalwa da yaranta huɗu. Bai tsallake su ba.

Ya ce na biyu shi ne Audi, wanda ya sauya suna ya shiga sana'ar rini. Audi ya haifi mata tara, aka aurar da su gidaje tara. Daga nan sunaye suka fara shigowa cikin fada. Ya ambaci sarkin maƙera, dogarai suka fitar da shi daga sahu suka tsai da shi gefe. Ya ambaci limamin gari, wanda kakarsa ta wajen uwa 'yar Audi ce. Liman ya tashi da kansa yana salati, ya je ya tsaya. Ya ambaci wani barde da ya taɓa tare wa sarki mashi da kafaɗarsa a fagen fama. Barden ya dubi sarki, sarki ya kau da kai. Ya ambaci biyu daga cikin dogaran da ke kama mutane, aka karɓe sandunansu. Har bafaden da ya fara tayar da maganar, matarsa da 'ya'yansa suka fito a lissafi, ya zauna daɓas a ƙasa.

Rana ta take, magatakarda ya cika takarda ta biyar. Sarki ya tambaye shi adadi, ya ce ɗari huɗu da goma sha bakwai. 

Sarki ya ce, "Ka ce 'ya'ya uku. Ina na ukun?"

Arzika ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya sarki, wannan reshen gajere ne. In ka yarda mu bar shi."

Sarki ya ce, "Ka bar shi, in bar kanka a nan."

 Tsoho ya ce, "Ta ukun mace ce, sunanta Kyauta. Tana da shekara bakwai aka kashe ubanta. Kakana ne ya saka ta cikin buhun auduga ya fitar da ita daga gari, ya kai ta wani ƙauyen masaƙa, suka riƙe ta kamar tasu. Kyauta ta haifi 'ya ɗaya, Tabawa. Tabawa ta haifi 'ya ɗaya, ni na yi mata askin suna da hannuna. Wannan yarinya ta girma, wani babban mutum ya gan ta a bakin rijiya ya aure ta, ta haifa masa maza biyu."

Sarki ya ce, "Suna ina?"

Arzika ya ce, "Ya sarki, ɗaya an binne shi ranar Juma'ar nan da kibiya ta same shi. Ɗayan shi ne yake tambayata."

 Sarki ya miƙe a hankali, ya zare takobi, ya sauko har inda tsoho yake durƙushe. Ya ce, "Ka san abin da ka faɗa?"

Arzika ya ce, "Na sani. Mahaifiyarka tana cikin gidan nan da ranta. Ta rayu da kakarta Kyauta har ta yi wayo. A tambaye ta. In ƙarya na yi, ga wuyana."

Sarki ya miƙa wa wani dogari takobin, ya ce, "Tsaya a kansa." Ya shiga cikin gida shi kaɗai.

Arzika na durƙushe, yana jin sanyin ƙarfe a bayan wuyansa. Ya san tsohuwar tana iya musantawa don ta rufa wa ɗanta asiri, kuma in ta musanta babu wani mai shaida da ya rage a duniya. Gwiwoyinsa suka yi tsami. Aka yi kiran azahar, ba wanda ya tashi, don liman na cikin waɗanda aka tsare.

Can sai sarki ya fito. Bai koma kan karaga ba, ya zauna a kan dakalin da ke ƙasanta. Sa'an nan ya ce wa dogarin, "Ɗauke takobin."

Ya dubi jama'a ya ce, "Na tambayi mahaifiyata. Ta ce kakarta Kyauta ta gaya mata sunan ubanta Barmo ranar da za ta rasu, ita kuma ta riƙe shi shekara arba'in ba ta faɗa wa kowa ba. Ta ce kwana bakwai ke nan ta ɗaure kayanta, tana jiran a zo a kore ta daji tare da sauran mata."

Ya juya ga Arzika ya ce, "Baba, me ya hana ka gaya min wannan a keɓe tun ranar farko?"

Arzika ya ce, "Ya sarki, da na gaya maka a keɓe, da ka cire sunanka ka bar na saura. Ni ma da ban kwana ba."

Sarki ya ce, "Gaskiya ka faɗa. Haka da zan yi."

Ya kira liman ya nemi gafararsa, ya tambaye shi yadda zai yi da rantsuwar da ya yi. Liman ya ce rantsuwar da za ta kai ga zalunci warware ta ake yi, a yi kaffara. Sarki ya karɓi takardun nan biyar ya sa aka ƙone su a tsakiyar fada. Ya ce a buɗe ƙofofin gari, a mayar wa dogarai sandunansu, a kai Cindo gaban alƙali shi kaɗai a yi masa shari'a kan ran da ya kashe, a kuma binciki maganar gonar da aka ƙwace masa, in hakkin gidansu ce a mayar wa 'ya'yansa. Ya je da kansa ya kama hannun barden nan ya mayar da shi sahu.

Ya so ya ba Arzika sarauta, tsoho ya ce shi dai a taimake shi da wanda zai riƙe shi zuwa gida, don ƙafafunsa sun ƙi miƙewa. Waziri ne ya tashe shi da hannunsa.

Daga wannan rana har ƙarshen mulkinsa, ba a ƙara jin sarkin nan ya tambayi asalin mai laifi ba. In wani ya kawo masa irin wannan magana, sai ya ce, "Adalci hannun da ya yi laifi yake kamawa. Sarkin da ya bi jini da takobi, a ƙofar ɗakin uwarsa zai tsaya."