Takardun Auta Sun Mutu Kafin Kuɗi Su Cika

Wallahi ba za ku yarda da wannan ba, don kun saba da ni da zolaya. Amma yau adminku bai zo da wasa ba. Kun san a aji uku na yi sallama da makaranta, sai dai takardun digirin da suka bi ta injin fotokwafina, ko shugaban jami'a bai taɓa riƙe yawansu ba. A shagon nan na ga wannan labari.

Akwai wani direban tasi, kowa Yaya yake ce masa, da ƙanwarsa Auta. Shi ya raine ta bayan rasuwar iyayensu. Shi ya tura ta wata ƙasa ta karanto aikin ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji, har ta yi aiki a can. Da ta dawo, aka ce ba za ta taɓa na'ura ba sai hukuma ta yi mata rajista.

Rajistar kuwa ba kuɗi ɗaya ba ne. Akwai na fassara takardu, na gwajin lafiya, na shaidar hali daga asibitin da ta baro, sannan uwa-uba kuɗin shigar da takardun.

Auta ta ce, "Yaya, mu tara duka tukuna. Gwajin lafiya da shaidar hali suna da wa'adi, in ya wuce sun mutu."

"Ke tafi can! Ni da na biya karatu, rajista ce za ta gagare ni? Mu kashe ƙananan, babban ya same mu a hanya. Na riga na gaya wa 'yan tasha ƙanwata likita ce."

"Ni fa ba likita ba ce."

"Kina ganin cikin mutum ko ba kya gani? To rufe mini baki."

Duk takardar da ta fito, wurina yake kawowa, kwafi biyu: ɗaya na hukuma, ɗaya na nuna wa fasinja. Wata rana na ɓoye ɗaya na ce inji ya haɗiye, sai da ya dafa bango. A lokacin dariya na sha. Yanzu ba na iya yi.

Sai injin motarsa ya buga. Kafin ya gyara ya tara babban kuɗin, takardun nan biyu masu wa'adi sun mutu. Ya ɗiba daga babban ya sabunta su, babban ya ragu. Kafin ya sake cikawa, suka sake mutuwa. Ya sayar da motar, ya koma jan ta wani, ba hutu, ga wani tari da yake ɓoyewa cikin hankici.

Auta ta samu aikin goge-goge a wani asibiti. Kuma ina aka ba ta? Barandar ɗakin hoto.

Ranar da tarin ya kayar da shi, can ta kai shi. Wani ma'aikaci ya tsayar da shi gaban na'ura, ita tana bakin ƙofa riƙe da bokiti. Da aka buɗe ƙofar, ta hango hoton a allo. Kallo ɗaya ya ishe ta.

Yaya ya fito yana ɓalla maɓallin riga. "Ya kika gani, likita? Na yi kyau?"

"Ka yi kyau, Yaya."

"Ƙarya kike. Tun kina ƙarama, in za ki yi ƙarya sai kin sosa kunne."

Ta sauke hannunta. Ya zauna a benci, ya daɗe yana kallon bokitin.

"Na so a ce ke kika ɗauke ni. Na yi miki gaggawa, Auta. Ki yafe mini."

Bai kai ƙarshen shekarar ba.

Bayan rasuwarsa, Auta ba ta sake neman takarda ko ɗaya ba. Goge-goge take tana tara kuɗi, har sai da na komai ya cika. Sannan ta biya su a jere, masu wa'adin a ƙarshe, ta shigar. Rajista ta fito.

Ta ba ni labari cewa wanda ta fara ɗauka wani dattijo ne, da makullin mota a aljihu. Ta ce masa, "Baba, ja numfashi, riƙe." Ta danna. Sai ta kasa cewa ya saki, har sai da ya ce, "'Yata, in mutu ne?"

Ina cikin rubuta wannan, ashe tana bayana, ta kawo katin rajistar in yi mata kwafi.

"Wa ya ba ka izinin tallata mu?"

Na fara rantsuwa labarin wasu ne. Ta nuna mini sunanta a sama. Ta yanke mini hukunci: duk wanda ya kawo takardun rajista shagon nan, kwafi kyauta har shekara. Na karɓa, ba musu.

Ta kai ƙofa, ta juyo. "Kuma ka rubuta ba cika baki kaɗai ba ne. So yake ya gan ni cikin farar riga." Kwafi biyu ta ce in yi mata.

Darasi: Kafin ka biya kuɗin farko, ka san na ƙarshe, ka kuma san wace takarda ce ke mutuwa. Kuma babba ya saurari ƙarami a kan abin da ƙaramin ya karanta, don ƙauna ma in ta yi gaggawa tana jawo asara. Ku tura wa duk mai shirin rajista, da yayan da ke biya masa.