Ƙwaya Ɗaya Ciniki, Mudu Gyara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunne ba ya ƙoshi.

Wani gari ne na dabbobi a bakin kogi, gidaje a wannan gaɓa, kasuwa a waccan. Mai fito kuwa Dorina ce. Ita ke goya kowa da kayansa ta haye da shi, ko anini ba ta karɓa, don gari ke ciyar da ita. Duk mudun da aka sayar, sai a ɗebi dintsi ɗaya a zuba a kwandon gari. Daga kwandon nan Dorina ke ci, daga nan ake sallamar masu yasar rijiya da masu shara.

Ran nan Kunkuru, Sarkin Kasuwa, ya hau kan turmi ya yi shela. Ya ce kasuwa ta girma, sawun Dorina ya ƙaru, rijiya na neman ƙafewa, saboda haka daga yau dintsi biyu ne.

Kowa a kasuwa ya riƙe baki. Kurege mai gyaɗa, wanda ko ɓawo ba ya bari kaza ta tsattsaga, sai ga shi zaune daɓas a ƙasa. Dintsi biyu! Ji ya yi kamar an ce za a guntule masa wutsiya.

Amma kun san Kurege, ba ya daɗewa a ƙasa. Ya lallaɓa gaban Kunkuru ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, har da gyara ake cire wa?"

Kunkuru ya ce a'a, tun kaka da kakanni ba a taɓa gyara. Ɗan ƙarin da mai awo ke yi bayan ya cika mudu kyauta ce, ganin dama ce.

Shi ke nan, an faɗa wa ɓarawo inda katanga ta rushe. Mai saye ya zo ya biya kuɗin mudu, Kurege ya miƙa masa ƙwayar gyaɗa guda, ya ce ga abin da ya saya. Kafin mai saye ya yi magana, Kurege ya juye masa mudu cike da tozo, ya ce ga gyara. Kunkuru ya zo da kwando ya tsaya sororo. Ta ina za a ɗebi dintsi biyu a ƙwaya ɗaya?

Kafin kasuwa uku, mai gero ya koya, mai wake ya koya. Ƙwaya ɗaya ciniki, mudu gyara. Ƙwaya ɗaya ciniki, mudu gyara. Kwandon gari ya yi yana, shara ta kai gwiwa, Dorina ta rame har abin tausayi.

Damina ta faɗi, kogi ya kawo, gyaɗa ta yi tsada. Kwaɗayi ya sa Kurege ya kwashe rumbunsa kaf, buhu bakwai, har da ta iri. Ya ɗora wa Dorina, ya haye bisa, ya jefa ƙwaya ɗaya a kumatu yana tsotsa. Sai da suka kai tsakiyar kogi, ta tsaya cak.

"Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Gari ya ce in haye da abin da kowa yake sayarwa. Kai me kake sayarwa?"

Kurege ya ce ƙwaya ɗaya.

"To ita zan kai. Buhunan nan da kai kanka gyara ne. Gyara kuwa ganin dama ce, yau ban ga dama ba."

Kurege ya shiga roƙo. Ya yi alkawarin dintsi biyu, ya ƙara zuwa biyar, ya kai har buhu guda. Dorina ta ce mai jin yunwa ba ya jin kira. Ta karkata, buhu ya faɗa, baki ya buɗe. Ta karkata, buhu ya faɗa, baki ya buɗe. Kurege na gani noman shekara ya shige cikin Gwaggo, 'yan kasuwa na can gaɓa sun ɗora hannu a ka. Da na bakwai ya wuce, sai ta fara nitsewa, ruwa ya kai masa wuya.

"Gwaggo, tsaya! Hajar tana cikin kumatuna. In kin nutsar da ni, kin nutsar da abin da gari ya ce ki kai."

Dorina ta yi dariya har ruwa ya fita ta hancinta. Ta ce gaskiyarsa, ta kai shi gaɓa ta dire.

Kurege ya fito sharkaf yana makyarkyata, ya tofo ƙwayar gyaɗar a tafin hannu. Kunkuru ya leƙa ta, ya dube shi.

"Sannu da zuwa, Kurege. Yau kam ka kawo hajarka cif-cif. Ina gyara?"

Ƙurunƙus kan jiƙaƙƙen kurege. Wanda zai cuci kwandon gari, ya fara koyon iyo tukuna.